Metal Na Biyar

Tun ƙarfe shida da rabi na safe Gado ya kasa zama wuri ɗaya. An ajiye masa kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, an miƙo masa shayin karak a kofin takarda, amma shayin ya huce a kan akwatin sifanu bai ko kurɓa ba. Ya je bakin titin gwaji ya leƙa, ya dawo ya zagaya motar, ya sake goge fitilar da ya riga ya goge sau biyu.

Motar baƙa ce, doguwa, ƙirar Ingila ta shekarar 1936, silinda takwas a jere. Mai ita Abu Jasim ne, wani dattijo ɗan Qatar mai tara tsofaffin motoci, kuma shi ne kafil ɗin Gado, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Shekara tara ke nan Gado yana tuƙa shi, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kasuwar Souq Waqif inda yake zama da tsofaffin abokansa. A takarda Gado direba ne. Babu wanda ya san shi da wata sana'a sai bara, da injin baƙar motar ya buga.

Motocin wancan zamanin ba a sayo musu metal, wato shimfiɗar da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin injin, a kwali kamar na yanzu. Narka shi ake yi, kuza da ɗan tagulla, a zuba a bakin kowace sandar fistin, a bar shi ya daskare, sannan a yi ta kankara da hannu har ya zauna daidai a jikin karanshaf, babban ƙarfen da sandunan ke juyawa. Masu yin wannan aikin a Ingila suka ce sai bayan wata takwas layi zai zo kan Abu Jasim. Shi kuwa ya riga ya sa sunan motar a wata doguwar tafiyar tsofaffin motoci da za a yi a Turai. Yana ta faɗa a waya a kujerar baya, suna tsaye a danjar titin Corniche, sai Gado ya ji bakinsa ya ce, "Ni na iya."

Mahaifinsa ya yi shekara arba'in a Sabon Garin Zariya yana zuba wa injinan niƙa da tsofaffin manyan motoci metal, kuma a wurinsa Gado ya koya kafin ya koma tuƙi. Abu Jasim ya yi dariya, amma ya ba shi wata tsohuwar sanda ya gwada a kai. Da ya ga aikin bai ƙara dariya ba. Aka ware wa Gado kusurwa a gareji, ya yi wata biyu yana fama da sanduna takwas.

Kafin a loda motar a jirgin ruwa, Abu Jasim ya ce sai an yi mata gwaji na gaske: awa shida tana gudun kilomita ɗari da talatin, ba sassauci, ba tsayawa sai shan mai. Ya kama filin gwajin na yini ɗaya, wannan Asabar ɗin ta watan Janairu. Jirgin kuma ranar Alhamis zai tashi.

"Malam Gado, ka zauna mana, jiri kake sa ni," in ji Nasira, ba ta ɗago daga kwamfutarta ba.

Injiniya ce 'yar Katsina, tana duba manyan injina a wani kamfanin gas. Ɗan Abu Jasim abokin aikinta ne, shi ya roƙe ta, ita kuma dama tana ɗokin ganin cikin irin wannan injin. Ta liƙa masa wayoyi ta ko'ina, duk abin da yake ciki yana fitowa a gabanta: zafin ruwa, zafin mai, ƙarfin da man yake zagawa da shi.

"Yanzu zan zauna, Injiniya," ya ce, ya nufi wajen Ja'afaru.

Ja'afaru ne zai tuƙa. Ɗan Gusau ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, ɗakinsu ɗaya da Gado a unguwar Abu Hamour shekara huɗu. A filin nan yake aiki, shi ke tuƙa motar da ke zagaya titi kafin a fara tsere. Gado ne da kansa ya kai sunansa wurin Abu Jasim.

"Yaya Gado, ka ga wannan kujerar?" Ja'afaru ya ce yana bubbuga fatar. "Wallahi ta fi katifata. Sai dai babu bel. Turawan da, ashe tawakkali gare su."

"In ka ji wani ƙara, ko yaya yake, ka ɗage ƙafa."

"Wane ƙara? Aikinka ne fa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuma ka ce babu yoyo."

Gado ya matso kusa da shi. Ya gyara masa igiyar hular kwano.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. In an gama zuba metal, akan rataye sandar da waya a ƙwanƙwasa ta da ƙaramin guduma. In metal ɗin ya kama ƙarfen sosai, sai ta yi kuka siriri mai tsawo. In akwai wurin da bai kama ba, sai ka ji ƙarar ta mutu nan take. Bakwai sun yi kuka yadda ake so. Ta biyar ce ta ƙi. Ya narke ta ya sake zubawa, ya ƙwanƙwasa, sai ta ba shi wani sauti tsaka-tsaki, bai mutu ba kuma bai yi tsawon na sauran ba. Kuzar da aka kawo ta ƙare, sabuwa sai bayan sati uku. Ya ƙwanƙwasa ta ya fi sau ashirin a ranar. Ya ce wa kansa ƙarar na'urar sanyaya gareji ce, ya ce kunnensa ne ya tsufa. Daga ƙarshe ya ɗaura ta.

Ƙarfe bakwai daidai Abu Jasim ya ɗaga sandarsa daga inda yake zaune. "Yalla!"

Motar ta tashi a hankali kamar mai nauyin jiki, ta ɗauki giya ta biyu, ta uku, ta ɓace a kwanar farko. Bayan minti biyu da 'yan daƙiƙu ta dawo ta wuce su, iska ta kaɗa labulen rumfar. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, mai kauri, ba irin ihun motocin tsere ba. Abu Jasim ya tafa hannu kamar yaro.

Gado ya tsaya a bakin shinge. Duk wucewar da za ta yi sai ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya saurara. Daƙiƙa uku kawai yake samu kafin ta yi nisa. Sai ya koma bayan Nasira ya leƙa lambobin da bai iya karantawa sosai ba, ya tambaye ta mai yana nan, ta ce yana nan. Ya koma shinge. Ya je banɗaki bai yi komai ba, ya dawo da sassarfa don kada ta wuce ba ya nan.

Takwas da rabi Ja'afaru ya shigo shan mai. Ya ture gilashin hular, fuskarsa jiƙe da gumi, yana dariya.

"Yaya, wannan ba mota ba ce, jirgin ƙasa ce! Sitiyarin nan sai ka yi kokawa da shi a kwana, amma a miƙe sai ka rantse ba ta taɓa ƙasa. Na ce a ɗauke ni hoto in tura wa Haulat, ta ga mijinta a motar sarakuna."

Gado ya buɗe murfin injin, zafi ya bugi fuskarsa. Ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin daidai silinda ta biyar, ya manna kunnensa a ƙotar. Tana aiki a hankali, sumul. Amma ya sani a hankali ba ta faɗin gaskiya, sai an matsa mata.

"Lafiya?" in ji Ja'afaru.

"Lafiya."

Ya rufe murfin. Motar ta sake fita.

Rana ta fara ɗagawa, iskar sanyin safe ta kwanta. Abu Jasim ya sa an kawo dabino da gahawa, ya kira wani abokinsa a waya yana juya masa kyamara ya ga motar tana wucewa. Gado ya karɓi dabino ɗaya ya riƙe a hannu har ya yi laushi. Wajen tara da kwata ya ji kamar wani abu ya canza a muryar injin, ya ruga wurin Nasira. Ta ce babu abin da ya motsa. A zagaye na gaba bai ji komai ba. A na bayansa ya sake ji, ko kuma ya zaci ya ji.

Ya ja kujerar robar ya zauna kusa da ita, ya miƙe, ya sake zama.

"Injiniya, in tambaye ki. In metal ya narke ana wannan gudun, na'urarki za ta nuna kafin nan?"

"Ya danganta. In a hankali yake cinyewa, ƙarfin mai zai fara sauka, zan gani. In kuma ɓallewa ya yi gaba ɗaya, tare za mu ji da ni da kai."

"Sai me zai faru?"

"Ka fi ni sani. Sanda ta karye, ta fasa injin, mai ya zube a ƙarƙashin tayoyin baya. Ko injin ya cije, tayoyi su tsaya cak." Ta juyo ta dube shi sosai a karon farko tun safe. "Me ya sa kake tambaya?"

Motar ta wuce. Ja'afaru ya ɗaga musu hannu ɗaya ta taga.

Gado ya gaya mata. Bai yi kwana-kwana ba, ya faɗi yadda ya zuba ta biyar sau biyu, da sautin da ta ba shi, da ƙarewar kuza. Yana magana yana kallon dabinon da ke hannunsa.

Nasira ta dubi lambobinta. Komai yana inda ya kamata.

"Yau sati nawa da ɗaura ta?"

"Uku."

"Sati uku, Malam Gado. Muna da na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe a wurin aiki. Da ka faɗa mini, minti goma ya isa in gaya maka ko ta kama ko ba ta kama ba."

"Ban san akwai ba."

"Ba ka tambaya ba." Ta cire tabarau ta murza idonta. "Yanzu ni abin da ke gabana ya ce lafiya lau. Kai kunnenka ya ce wataƙila. Kashi nawa kake ba wataƙilar nan?"

"Ban sani ba. Wallahi da na sani da na huta."

Ta miƙe. "Taho. Kai za ka faɗa masa da bakinka."

Larabcin Gado na tuƙi ne da cefane, don haka Nasira ta riƙa cike masa da Turanci. Abu Jasim ya saurara, kofin gahawa a hannu. Da ya gane inda maganar ta dosa sai fuskarsa ta canza. Ya nuna kwamfutar, ya tambayi Nasira ko ta ga wata matsala. Ta ce ba ta gani ba. Ya nuna titi, ya ce ga mota can tana tafiya kamar ranar da aka ƙera ta, awa biyu da rabi, saura uku da rabi, filin nan kuma ba zai sake samuwa ba sai watan Maris. Ya juya ga Gado ya ce, ko dai tsoro ne kawai irin na wanda bai saba da babban aiki ba?

"Zai iya zama tsoro ne, ya Abu Jasim," in ji Gado. "Amma ni na kawo yaron can."

"Da motarka ce kaɗai a titin, da na ce a ci gaba mu gani," Nasira ta ce. "Da mutum a ciki, ni na cire hannuna."

Abu Jasim ya ajiye kofin da ƙarfi har gahawar ta fantsama. Ya kalli motar ta wuce sau ɗaya, ta sake wucewa. Sannan ya yarfa hannu.

"Khalas. Ku tsayar da ita."

Aka ɗaga jar tuta. Ja'afaru ya shigo a hankali, ya kashe injin, ya fito yana tambayar me ya faru, shi bai ji komai ba, ko taya ce. Nasira ta ce za a duba wani abu ne a ƙasa. Ya dubi Gado, Gado ya riga ya durƙusa yana jawo jak.

Sai da suka jira awa guda injin ya huce. Gado ya kasa jiran ma, ya ƙone yatsa biyu a kan noti. Suka tsiyaye man a baho, Nasira ta tace shi da farin ƙyalle. A tsakiyar ƙyallen akwai 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Gado ya kwanta a ƙarƙashin motar ya sauke kaskon mai, ya kwance hular sanda ta biyar, ya fito da ita cikin haske.

A gefe ɗaya metal ɗin ya tsage kamar busasshen taɓo, wuri bai fi faɗin farce ba. Da Nasira ta sa bakin allura, wani ɗan ɓalli ya ɗago.

Abu Jasim ya sa tabarau ya duba. Ya tambaya ko da ta kai awa shidan.

"Wataƙila ta kai," in ji Nasira. "Wataƙila kuma zagaye biyu ya rage mata. Babu wanda zai iya gaya maka."

Dattijon ya miƙa wa Gado ƙarfen bai dube shi ba, ya kira ɗansa ya mai da shi gida.

Ja'afaru ya karɓi hular sandar yana juya ta. "Ikon Allah. Yaya, ta yaya ka ji wannan daga bakin shinge? Ni da nake zaune a kanta ban ji ba."

Da Gado ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka. Nasira ma ta sunkuyar da kai tana naɗe wayoyinta.

"Ban ji ba," in ji Gado. "Tun ranar da na ɗaura ta nake shakkarta."

Ja'afaru ya daina juya ƙarfen.

"Tun yaushe?"

"Sati uku."

"Sati uku muna cin tuwo a kwano ɗaya." Muryarsa ba ta tashi ba. "Da safen nan kai ka ɗaura mini hula. Na shigo shan mai na tambaye ka, ka ce lafiya."

"Na ce."

"Me ya sa?"

"Na so a ce na iya. Shekara tara ina buɗe wa mutane ƙofa, Ja'afaru. Na so ta zama lafiya lau, sai na yi ta gaya wa kaina lafiya lau ce."

Ja'afaru ya ajiye ƙarfen a kan akwatin sifanu, ya cire safar hannu, ya tafi wajen ofishin filin. Bai shiga motar da ta mai da su Abu Hamour ba.

Jirgin ya tashi ranar Alhamis babu baƙar mota. Abu Jasim ya yi kwana goma ɗansa ne ke kai shi masallaci. Gado yana zuwa kullum ya zauna a gareji, ya share, ya jera sifanu, ya warware su ya sake jerawa, yana jiran a ce masa ya haɗa kayansa. A ɗaki kuwa Ja'afaru yana gaishe shi, yana amsa gaisuwa, amma ya koma cin abinci a waje, kuma in yana waya da Haulat sai ya fita baranda.

A rana ta goma sha ɗaya aka sauke wani ƙaramin akwati a gareji. Kuza ce sabuwa. Abu Jasim ya leƙo daga ƙofa, ya ce duka takwas ɗin za a sake, kuma babu wadda za a ɗaura sai Injiniya ta duba. Ya juya ya koma ciki.

Gado ya yi sati biyar a kansu. Nasira tana zuwa ranar Juma'a da yamma da na'urarta, mijinta yana jiranta a mota. Ta mayar masa da biyu, ya narke ya sake, bai yi musu ba. Ta ce ya koya mata ƙwanƙwasawar, ya koya mata, ta ce ita duk ɗaya take jin su.

Da aka sa ranar gwaji na biyu a watan Maris, Abu Jasim ya ce a nemo direban farko, tunda ya san motar. Gado ya sami Ja'afaru yana wanke kayan aikinsa a famfon tsakar gida, ya gaya masa, ya ƙara da cewa in ya ƙi babu wanda zai ga laifinsa.

Ja'afaru ya ci gaba da cuɗa riga. "Zan tuƙa. Amma kai za ka zauna a gefena, tun daga farko har ƙarshe."

"Na yarda."

"Ba wai don na huce ba ne."

"Na sani."

Ranar ta zo da zafi. Gado bai taɓa shiga motar da ke irin wannan gudun ba, ga shi babu abin riƙewa sai madaurin fata a jikin ƙofa. Zafin injin yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunsa, ƙarar ta cika masa kai har ya daina bambance komai a cikinta. A kowace kwana yana jin nauyin motar yana jan su waje, yana ganin jijiyoyin hannun Ja'afaru sun tashi a kan sitiyari. Awa ta farko addu'a ya yi ta yi. A ta uku ya yi amai a leda, Ja'afaru bai rage gudu ba. Ba su yi magana ba sai a wurin shan mai, nan ma ruwa kawai suke miƙa wa juna.

Sun yi awa biyar da minti ashirin sai famfon ruwa ya fara yoyo, zafin injin ya haura, Nasira ta sa aka ɗaga tuta. Motar ba ta cika awa shidan ba. Washegari aka sauke kasko aka duba sandunan ɗaya bayan ɗaya, duka takwas suna nan sumul. Abu Jasim ya ce a nemo famfo, za a sake gwadawa in sanyi ya dawo, ya kuma sa aka canza wa Gado aiki daga tuƙi zuwa gareji.

Ja'afaru ya tashi daga ɗakin Abu Hamour bayan ƙaramar salla. Ya ce ya sami wuri kusa da filin, zirga-zirgar ta yi masa yawa. Gado ya taya shi sauke jakunkuna zuwa mota. Da Ja'afaru zai ja ƙofar motar ya ce in famfon ya iso a kira shi, yana so ya ga yadda ake ɗaura shi.